Kwalbar da Lurwanu Ya Mayar

An yi wani mutum, bawan Allah, a wata jami'a da ba sai na faɗi sunanta ba. Lurwanu sunansa. Shi da abokinsa Mudassir digiri na uku suke yi, suna renon ƙwayoyin halitta da ake samu a jinin cibiyar jarirai, ko Allah zai sa a samo wa masu sikila magani. Ku saurara da kyau.

Na Mudassir sai su mutu. Na Lurwanu kuwa, musamman na kwalba guda, sai yaɗuwa suke kamar an zuba musu taki. Shekara uku yana kansu. Malamai suka yi ta yabo, Mudassir yana murmushin yaƙe. Hassada, jama'a! Har sallamar Lurwanu zafi take masa.

Sai ya shiga tonon takardu. Ya tona, ya tona, har ya gano cewa takardar izinin wannan kwalbar ba mai jegon da aka ɗebi jinin cibiyar ɗanta ce ta dangwala hannu ba, mijinta ne. Ya zo da rawar jiki.

"Malam Lurwanu, ka san matar nan ba a tambaye ta ba?"

Yana jiran musu. Yana jiran roƙo. Lurwanu ya karanta, ya ce, "Wallahi ban lura ba. Allah Ya saka maka."

Washegari Lurwanu ya hau mota zuwa ƙauyen matar. Mudassir ya bi shi, wai rakiya, alhali so yake ya ga yadda za a murɗe gaskiya. Lurwanu ya durƙusa gaban matar, Talatu, ya yi mata bayani dalla-dalla, har amfanin da ake fata.

Ta ce, "Malam, mu nan, mabiyiya da cibiya a bayan ɗaki muke binnewa, don yaro ya san gida. Ashe wani abu na ɗana yana birni cikin kwalba? Ku yi haƙuri, a dawo min da shi."

Kun ji fa. Shekara uku! Lurwanu ya ce, "To, Inna, haƙƙinki ne." Ya sanar da malamansa, ya kawo mata kwalbar, da hannunsa ya haƙa ramin.

Mudassir ya riga shi gamawa, aka sa masa hular digiri. Kuna zaton ya huta? Ina! Ya leƙa ɗakin bincike ya tarar da Lurwanu ya fara daga farko, fuskarsa a sake, har yana masa barka. Nan Mudassir ya ji ciwon da ya fi na da, don yanzu natsuwar mutumin yake ƙyashi, ita kuwa ba takardar da zai tono ya ƙwace ta.

To, 'yan'uwa, ilimi ba ya halatta maka abin mutum sai da yardarsa, komai kyawun niyyarka. Kai kuma da ci gaban ɗan'uwanka ke hana ka sakewa, yau ka tambayi zuciyarka: in ya rasa, me ka samu? Allah Ya wanke mana zukata.