Gyaran Muryar Barmo

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso. Ku ce ta zo mu ji ta. Yawwa.

Wani tsoho ne wai shi Barmo, da matarsa Tasalla. Tun tana amarya fatake suka ba ta labarin wani tsibiri a tsakiyar teku. Kullum sai ta ce, "Malam, yaushe za ka kai ni?" Shi kuwa sai ya ce, "Bari a yi girbi." Girbi ya zo ya wuce, ya zo ya wuce, har yanar ido ta makantar da ita.

Ran da ya ga ta durƙusa tana gaida turmi, ta zaci maƙwabciya ce, sai ya tashe ta. Ya kama hannunta, suka yi ta tafiya har bakin teku, mai kwalekwale ya tsallakar da su.

Barmo ya hango tsibirin, ga shi da kyau ƙwarai. Ya ce a ransa, "In ta san kyan abin da na sa ta rasa gani, baƙin ciki zai kashe ta. Bari in kushe wurin."

Suna sauka sai ga Ƙaguwa tana tafiya a karkace. Ta ce, "Sannunku da zuwa, baƙi! Ni ke zagayawa da mutane a nan."

Ta kai su kan rairayi, fari tas kamar garin tuwo, ruwa shuɗi yana zuwa yana lasarsa. Tasalla ta ce, "Malam, me ka gani?" Sai ya yi gyaran murya, ehem. Ya ce, "Yashi ne, duk datti. Na rafinmu ya fi shi." Ƙaguwa ta ce, "Datti? Baba, wa ke jan wani a cikinku?" Barmo ya taka Ƙaguwa don ta yi shiru.

Ta kai su cikin itatuwan kwakwa, dogaye suna rausaya, tsuntsaye ja da kore suna ta shewa. "Malam, me ka gani?" Ehem. "Wasu ƙeƙasassun giginyu ne da hankaki biyu." Ƙaguwa ta dantse shi a ɗan yatsa. Ya yi tsalle. Tasalla ta ce, "Lafiya?" Ya ce, "Rawa nake."

Ta kai su gindin dutse, inda ruwa ke zubowa daga sama, ga bakan gizo tsaye cikin feshin. "Malam, me ka gani?" Ehem. "Indararo ne kawai." Ƙaguwa ta yi fushi ta shige rami, ta bar ido biyu a waje.

Da la'asar suka zauna bakin ruwa. Rana ta yi ja, ta fara nutsewa, teku duk ya zama kamar an zuba manja. Tasalla ta ce, "Malam, yanzu fa?"

Wannan karon Barmo bai yi gyaran murya ba. Sai hawaye.

Ta shafa fuskarsa, ta yi dariya. Ta ce, "Sai yanzu ka faɗi gaskiya. Malam, tun ina amarya ba ka taɓa yin ƙarya ba sai ka yi gyaran murya. Yau duk inda na ji ehem, sai in ce a raina, nan ma akwai kyau. Rairayin kuwa ƙafata ta gan shi. Feshin ya taɓa mini fuska."

Ya ce, "Na makara, Tasalla."

Ta ce, "Ka makara mana. Amma ka kawo ni. Maza faɗa mini launin ranar nan kafin ta shige, kuma kada in ji tari."

Sai ya fara, a hankali, ja a nan, ruwan goro a can, wani ɗan kwalekwale baƙi yana ratsawa. Ta kwantar da kai a kafaɗarsa. Ƙaguwa ta fito daga rami ta ce, "Ashe tsohon yana gani!"

To kun ji. Wanda kake so, kada ka ɓoye masa abu mai kyau don tausayi, ara masa idonka. Kuma in an ce ka kai mutum wuri, kada ka jira girbi.

Ƙurunƙus! Ni ma ina can a ranar, ehem, ni na tuƙa kwalekwalen.