Tayar Jirgi a Kan Turmi

Ku ajiye wayoyin nan ku matso, yau shari'a za ku yi mini.

A bayan ƙauyenmu akwai ɗan filin jirgi, jar ƙasa ce kawai aka daɓe. Mutum ɗaya ke tashi a wurin, Tanimu, mai feshin tsuntsayen jan-baki da ke cinye mana shinkafa. Jirgin nasa kuwa, kar ku yi dariya, a-daidaita-sahu ne aka sa wa fuka-fukai. Lokacin matarsa na da tsohon ciki, haihuwa yau ko gobe.

Wata safiya yana tashi, taya ɗaya ta kwance ta faɗo gonar Kande tana cikin cirar gyaɗa. Shi bai sani ba, kuma ba hanyar kiransa. In ya dawo ya sauka yadda ya saba, sai dai a kwashi gawa. Kande, tsohuwa mai ciwon gwiwa, ta kinkimi tayar nan har tsakiyar fili, ta ɗora ta a kan turmi, ta cire mayafi tana kaɗawa. Tanimu na dawowa ya leƙo ya gane tayarsa. Sai ya shiga kewaya sama don mai ya ragu.

Ana ta salati, sai Barmani mai kiwon tumaki ta ce a kwaso harawar da ta tara ta shekara guda, a baza a ƙarshen fili. Mijinta ya tambaye ta abin da dabbobin za su ci da rani. Ta ce, "Su ci ƙasa, rai ne a sama." Jirgi ya dira da ƙafa ɗaya, ya karkace, ya kife cikin harawa maimakon ya daki tsandauri.

Ga Tanimu a rataye, kai ƙasa, bel ɗin kujera ya ƙi kwancewa, fetur na ɗiga, hayaƙi ya fara tashi. Maza suka ja da baya, har da ni, ba zan yi muku ƙarya ba. Hansatu ungozoma ce ta kwance rezar da ba ta rabo da ita a bakin zane, ta rarrafa ta yanke bel ɗin kamar cibiya, ta jawo shi ta kwala. Ba su yi taku goma ba wuta ta kama. Wallahi ranar na yi kukan murna, don karayar hannu kawai ya samu.

Bayan kwana uku matarsa ta haifi mace. Tanimu ya ɗauki jaririyar da hannu ɗaya, ya ce sunan wadda ta ceci ransa zai sa mata, don ba don ita ba da marainiya aka haifa. Ga su kuwa mata uku ne, liman kuma ya ce shi suna ɗaya zai raɗa.

To, an riga an ɗaure rago. Kande, Barmani ko Hansatu, sunan wa za a raɗa wa yarinyar nan?