Jatau da Irin Kwanta-Ƙasa

Ku gyara zama, jikokina. Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta iso mu ji ta, Kaka.

Wani mutum ne ana ce da shi Jatau, maginin rijiya. Matarsa Tabawa, shekara talatin suna tare. Sai ciwon ajali ya kama ta, kwana tara ta cika. Aka kai ta makwancinta.

To, makabartar garin nan a gangare take, ƙarƙashinta kuwa kwari ne mai zurfi. Kabarin Tabawa shi ne na ƙarshe daga ƙasa. Sai damina ta faɗi. Ruwa ya gangaro ya kwashe ƙasar kabarin, har itacen da aka jera ya fara leƙowa. Jatau ya zo ya gani. Ya durƙusa ya mayar da ƙasar da hannunsa. Aka sake ruwa, ya sake kwashewa. Ya jera duwatsu, ruwa ya bi ta ƙarƙashinsu. Tun daga nan, da hadari ya haɗu sai hankalin Jatau ya koma kan kabarin.

Ana nan sai aka kira shi yasar rijiya a wani ƙauye gindin dutse, gidan wata tsohuwa, Iya Lanti. Ya gama aiki ya fito yana hutawa. Sai ya ga wani tsiro a gangaren bayan gidan. Tsayinsa bai kai ɗan yatsa ba, amma ya shimfiɗe kamar tabarma, da 'yan furanni ja-ja. Ya sa hannu ya ja. Tsiro ya ƙi fita, ƙasa ta ƙi motsi.

Ya ce, "Iya, mene ne wannan?"

Ta ce, "Kwanta-ƙasa muke ce masa. Rani ba ya kashe shi, ruwa ba ya tumɓuke shi."

Sai ya ba ta labarin kabarin matarsa. Ta shiga ɗaki ta fito da ɗan ƙulli a tsumma. Irin da ke ciki ya fi irin taba ƙanƙanta.

Ta ce, "Zauna in gaya maka yadda ake shuka shi, ɗana."

Ya ce, "Haba Iya, da fartanya na tashi. Shuka kuma sai an koya mini?"

Ta ce, "To, sauka lafiya."

Ya koma gida. Ya sassare kan kabarin, ya zuba iri, ya rufe da dunduniya kamar mai shukar gero. Ya jira mako ɗaya, ya jira biyu, ya jira uku. Ko tsinke bai fito ba.

Sai ya koma gindin dutse.

"Iya, irinki bai fito ba."

"Yaya ka shuka?"

"Na binne shi."

"Ka kashe shi. Ba ya son a rufe masa ido. Zauna in gaya maka sauran."

"Ai na gane, Iya. Hadari nake gudu."

Ta ba shi ƙulli na biyu. Ya zo ya warwatsa a kan kabarin, bai rufe ba. Tururuwa suka ɗebi rabonsu. Da la'asar aka yi ruwa, ya tafi da ragowar cikin kwari.

Sai ya koma karo na uku. Ya tarar da Iya Lanti a kwance, jiki ya yi nauyi. Wannan karon bai jira an ce ya zauna ba. Ya cire takalmi ya zauna a bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai.

Ta ce, "Ƙulli ɗaya ya rage, ni kuma ba zan sake tara wani ba. Ka samo fasasshiyar tukunya. Ka zuba ƙasa mai laushi ka jiƙa ta. Ka gauraya irin da yashi, ka barbaɗa a sama, ka danna da tafin hannu kawai. Ka ajiye a inuwar rumfa, ka kewaye da toka saboda tururuwa. Kada ka kwara masa ruwa. Ka tsoma tsintsiya ka yayyafa, safe da yamma. In ya yi ganye huɗu, ka dasa."

Ya ce, "A kan kabarin Tabawa."

Ta ce, "A'a. Daga ina ruwan yake gangarowa?"

"Daga sama."

"To, can za ka fara. Wa ke kwance a can?"

Jatau ya ce, "Barau ne. Shi ya yi mini shaidar ƙarya, aka raba ni da gonar ubana. Har ya mutu ba mu gaisa ba."

Ta ce, "Ruwa bai san wannan ba, ɗana. In ka dasa a ƙasa, damina ɗaya za ta share shi. In ka dasa a sama, shi da kansa zai rarrafo."

Jatau ya karɓi ƙulli ya tafi. Ya yi duk yadda ta ce. Kwana goma sha biyu, sai ga 'yan tsirrai sun ɓullo, sirara kamar gashin jariri. Ya ƙirga, guda arba'in da ɗaya. Da suka yi ganye huɗu, ya ɗauki tukunya a ka ya nufi makabarta. Ya tsaya a kan kabarin Tabawa, ya daɗe a tsaye. Sai ya share hawaye, ya hau gangare. Ya durƙusa gaban kabarin Barau, ya yi masa addu'a, ya fara dashe.

Shekara ta fari, tsiro ya rufe kabarin Barau. Mutane suka ce, "Jatau ya taɓu. Ga kabarin matarsa tsirara, yana yi wa maƙiyinsa ado." Shi kuwa ya ci gaba da aikinsa. Duk ruwan da aka yi, sai ya je ya mayar wa Tabawa ƙasarta da hannu. Rani ya zo, tsiro ya bushe ƙayau. Jatau ya ce shi ke nan. Sai ruwan farko ya sauka, kwana uku ya farfaɗo kore shar.

Shekara ta biyu, ya rarrafo har tsakiyar makabarta. Jatau ya tara irinsa, ya sake renon wasu a tukunya. Ruwan da ke isowa ƙasa ya rage ƙarfi.

Shekara ta uku, tsufa ya kama gwiwoyin Jatau. A shekarar aka yi wani ruwa, yini biyu bai ɗauke ba. Kwari ya ci gonaki, ya ci hanya. Da aka ɗauke, Jatau ya dogara sanda, ya rungumi tukunyar dashe, ya tafi yana tsoron abin da zai gani. Sai ya tarar da makabarta tana nan yadda take, furanni ja-ja tun daga sama har ƙasa. Saura taki uku su kai ga Tabawa.

Ya so ya durƙusa, gwiwa ta ƙi. Ya sake gwadawa, ta ƙi. Sai ya ji an karɓi tukunyar daga hannunsa. Ya waiwaya, ashe Ɗantani ne, babban ɗan Barau, magidanci har da furfura.

Ɗantani ya ce, "Baba, shekara uku ina kallonka daga nesa, kunya ta hana ni matsowa. Nuna mini inda zan sa."

Jatau ya nuna da sanda. Ɗantani ya durƙusa ya dasa ɗaya bayan ɗaya, har kabarin Tabawa ya kewayu.

Da kaka ta yi, Jatau ya cika. Ɗantani ne ya haƙa kabarinsa, kusa da na matarsa. Damina na zagayowa, tsiro ya rufe su duka biyun.

Ƙurunƙus, kan ɗan kusu. Ku riƙe wannan, jikokina: in babba ya ce ku zauna ku ji, ku zauna har ya gama. Kuma wani lokaci, kafin ka tsare naka, sai ka fara gyara na wanda ya cuce ka.