Jirgin Takarda Da Amanar Kubura

Kun taɓa tunanin ran mutum zai rataya a jikin jirgin takarda? To, ku saurara.

Da ambaliya ta ci wani gari a bakin kogi, 'yan'uwa uku suka haye rufin gidansu: Ɗayyabu, Nafi'u da Hafizu. A tsallaken lungu, kan soron ƙasa da ya fara narkewa, yayarsu Kubura ce rungume da jaririyarta, wadda ubanta ya rasu tun tana ciki. Ruwa na gudu a tsakani, ba mai iya shiga. Igiya ta yi nauyin jifa. Suka ɗaura zare a takalmi suka wurga, zaren ya tsinke.

Nafi'u, wanda kullum ake yi wa faɗa kan wasan yara, ya yage kalanda mai sheƙi da ba ta saurin jiƙewa. Ya ninka ta ta zama jirgi, hanci siriri, fikafikai gajeru, ya danne kowane ninki da farce. Ba wanda ya iya wannan sai shi.

Ɗayyabu maɗinkin hula ne. Ya warware hular da ya kusa gamawa, ya ƙulla zaren siliki mara nauyi a wutsiyar jirgin, ɗaya bakin kuma a igiya.

Hafizu masunci ne, ya san iska. Suna ta ihu, "Jefa mana!" ya ƙi, har iskar ta juya. Sannan ya saki. Jirgin ya faɗa a ƙafar Kubura.

Ta ja zaren, igiya ta biyo. Ta sa jaririyar a cikin daro, ta rataya shi a igiyar, suka janye.

"Yaya, saura ke! Kama igiyar!"

"Ku dai riƙe yarinyar," in ji Kubura. "Amana ce ga wanda ya cece ta."

Soron ya rufta. Har yau ba a ga gawarta ba.

Yanzu 'yan'uwan ko gaisawa ba sa yi. Kowa na cewa da shi Yaya take. Nafi'u ma cewa yake da Hafizu bai tsaya jiran iska ba, da an ceci duka biyun. Jaririyar tana hannun maƙwabta, kuka take ba dare ba rana.

To, wa ya fi cancanta ya riƙe ta? Ku zauna ku yanke, don Allah, kada ta tashi ba ta san gidan kowa ba.