Matar da Ciyaman Ya Sa a Nemo

Akwai wani mai gidan kallon ƙwallo a bayan kasuwa da kowa ke kira Ciyaman, saboda shi ne shugaban magoya bayan kulob ɗin garinsu. Mutum ne mai faran-faran da sakin hannu, amma yana da ciwo guda. Idan ya so mutum, ko da idonsa ya ga laifinsa sai ya ce idon ne ke buƙatar magani.

Wanda ya fi so a duniya kuwa shi ne ɗan wasan gaba na kulob ɗin, wanda ake wa laƙabi da Walƙiya. Hotunansa sun cika bangon gidan kallo, har bayan janareta akwai guda. A falon gidansa ma hoton Walƙiya ya fi na ranar aurensa girma, abin da matarsa ta yi ƙorafi a kai har ta gaji ta zuba ido.

Ciyaman yana da ƙanwa, autarsu, kuma Auta kowa ke ce mata. Tun rasuwar iyayensu a hannunsa take. Shi ya ci da ita, shi ya tsaya mata har ta zama nas, ta samu aiki a ɗakin jinya na kulob ɗin. Ranar da ta fara aiki, kyauta ya bar mutane suka yi kallo don murna.

Ana gab da wasan ƙarshe na cin kofi sai kulob ya fitar da sanarwa. Wata ma'aikaciya ta kai ƙarar Walƙiya cewa ya ci zarafinta a wurin aiki. An dakatar da shi har sai kwamitin ladabtarwa ya saurari kowane ɓangare. Ba a faɗi sunanta ba, kuma mata ma'aikata a kulob ɗin suna da yawa: na ofis, na kicin, masu sayar da tikiti, masu jinya.

Bari in gaya muku tun yanzu, don ku san irin tabarmar da aka shimfiɗa. Auta ce ta kai ƙarar. Matar yayanta ce kaɗai ta sani a gidan. Sun shirya a ranar, da zarar ya dawo ya ci abinci ya huta, za su zaunar da shi su faɗa masa, domin Auta ba ta da wani bango da take jin za ta jingina da shi sama da yayanta.

Sai dai Ciyaman bai shigo da sallamar kirki ba. Tun daga ƙofa yake kumfar baki.

"Kun ji abin da wata marar tsoron Allah ta yi? Yaron nan da ya fitar da mu kunya, shi za a shafa wa kashin kaji ana gab da wasan kofi?"

Matarsa ta ajiye masa kwano ta ce, "Baban yara, ka ci abinci tukuna. Ai ba mu san me ya faru ba."

"Ni na sani," in ji shi. "Irinsu na san su. Ta nuna tana so, ya ƙi kula ta, shi ne ta huce ta nan. Ko kuma 'yan adawa sun saye ta."

Auta na zaune a gefe, hannunta na dama ɗaure da bandeji. Tun farko ta ce masa ƙofa ce ta datse ta, shi kuma bai ƙara tambaya ba. Ya juyo ya dube ta.

"Yawwa, Auta, ke da kike ciki. Wace ce?"

"An hana mu magana a kai, Yaya."

"Ni za ki ɓoye wa? To ki kiyaye ta. Kada in ji an gan ki tare da ita, irin waɗannan su ke ɓata wa 'ya'yan mutunci suna."

Auta ta haɗiye maganar da ta kwana tana shiryawa. Ta ce ta ƙoshi, ta tashi ta shige ɗaki. Ranta ya ɓaci ƙwarai, kuma abin da ya fi yi mata ciwo shi ne yayan nata da zuciya ɗaya yake maganar, yana ganin kare ta yake yi.

Daga ranar gidan kallo ya koma kotu. Ciyaman ne alƙali, shi ne lauya, shi ne kuma shaida, alhali iyakarsa da Walƙiya gaisuwa ta bayan shingen waya a filin wasa. Ya ari bakin ɗan wasan ya ci masa albasa fiye da yadda shi mai bakin zai iya. A guruf ɗin magoya baya na waya kullum da irin sunan da za a laƙa wa matar da ba su sani ba, kuma saƙon Ciyaman ne ke fara shiga.

Matarsa ta yi iya yinta. Auta ta roƙe ta da girman Allah kada ta faɗa, don haka sai dai ta zagaya.

"Baban yara, ka rage zafi. Matar nan fa 'yar wani ce, ƙanwar wani ce."

"To wanda ya haife ta ya yi asarar tarbiyya," ya ce, yana danna waya. "Yayanta kuma in yana da zuciya ya tsawatar mata."

Matar ta dube shi, ta kwashe kwanuka.

Da aka buga wasan ƙarshe babu Walƙiya, kulob ya sha kashi, sai ƙura ta ƙara tashi. A yammacin nan Ciyaman ya hau benci a gidan kallo ya ce lallai a nemo matar.

"Ba dukanta za mu yi ba," ya ce. "Gidansu kawai za mu je, mu tsaya a ƙofa, unguwa ta san abin da ta yi. Kunya za mu ba ta har ta janye."

Wani mai gyaran waya da ake kira Dogo ya ɗauki aikin. Shi da abokansa a gidan kallo suka san Ciyaman. Ba su san gidansa ba, don yana can wata unguwa mai nisa, ba su kuma taɓa ganin ƙanwarsa ba.

Bayan 'yan kwanaki, da la'asar, wayar Ciyaman ta yi ƙara.

"Ciyaman, an dace," in ji Dogo. "Wani mai gadin kulob ya nuna mana ita. Ta fito da takunkumi a fuska, ta hau mota, muna biye da ita. Hau babur ka taho, zan riƙa yi maka kwatance."

Ciyaman ya bar gidan kallo a buɗe, ya saƙala waya a kunne, ya tayar da babur. Dogo ya ce ya miƙe titin gidan mai, ya miƙe. Ya ce ya karya dama ta wajen makarantar firamare, ya karya. Har Ciyaman ya yi dariya ya ce ashe ma 'yar wajensu ce, lallai zai san iyayenta.

"Ta sauka," in ji Dogo. "Ta shiga layin da ke da mai faci a baki."

Dariyar Ciyaman ta tsaya. Kullum a wajen mai facin nan yake sa wa tayarsa iska.

"Ka wuce shagon tela, gida na gaba. Ƙofa shuɗiya, akwai bishiya a gefe."

Da hannunsa ya yi wa ƙofar nan fenti.

Ko da ya iso, samari sun cika layin da babura. Wasu na bubbuga ƙofa, wasu na ɗaukar hoto da waya, wasu na kiran sunayen da shi ya koya musu. Maƙwabta sun fito sun yi cirko-cirko. Daga ciki yana jin kukan ƙaramar 'yarsa.

Dogo ya tarye shi da fara'a. "Ga gidan nan, Ciyaman. Kai za ka fara magana."

Ya ratsa su, ya je ya tsaya ya ba ƙofar baya.

"Gidana ne," ya ce.

Waɗanda ke kusa suka yi shiru, na baya suka ci gaba da ihu har maganar ta kai gare su.

"Gidana ne, ƙanwata ce. Duk wanda ya ɗauki hoto ya goge. Ku tafi."

Suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa na kauce wa idonsa. Amma hotunan sun riga sun shiga guruf, kuma abin da ya shiga waya ba ya dawowa.

Ya samu Auta a falo a tsaye, ko jakarta ba ta ajiye ba. Matarsa ta rungume yara a gefe. Ciyaman ya dubi bandejin hannun ƙanwarsa, sai a lokacin ya gan shi da gaske. Nan take ya fizgo hoton Walƙiya daga bango ya buga da ƙasa.

"Wallahi sai na ga bayansa. Yaran nan da suka tafi, su zan tura gidansa. Azzalumi, maci amana, dama ni tun farko..."

"Yaya," Auta ta katse shi, muryarta a ƙasa. "Har yanzu ba ka tambaye ni me ya faru ba."

Ta ci gaba da magana.

"Jiya ka wanke shi ba ka ji komai ba. Yau ka ɗaure shi, nan ma ba ka ji komai ba. Abin da ya canza kawai shi ne ka gane ni ce. Da ƙanwar wani ce, da yanzu kana bakin ƙofarsu."

"Auta, ai da kin faɗa mini..."

"Na zo faɗa. Kai ka riga ni magana. Ni ban nemi ka yarda da ni don ina ƙanwarka ba. Da ka ce ba ka sani ba, a bari kwamiti ya bincika, da ya ishe ni."

Ciyaman ya nemi kujera ya zauna. Can ya ce, "Me ya faru?"

Ta faɗa masa. Yadda ɗan wasan ya daɗe yana damunta da maganganun da ba su dace ba tana kaucewa. Yadda ranar nan ya shigo a duba masa ƙafa, ya tura ƙofa ya rufe, ya riƙe ta da ƙarfi, ta fizge har hannunta ya gurɗe, sai da likita ya ƙwanƙwasa sannan ya sake ta. Ciyaman ya saurara har ƙarshe bai sa baki ba, kuma matarsa ta ce tunda ta aure shi ba ta taɓa ganin haka ba.

Ranar zaman kwamiti aka ce Auta na iya zuwa da mutum ɗaya daga dangi. Ciyaman ya yi wanka da sassafe ya sa manyan kaya. Auta ta fito ta dube shi, ta nuna matarsa ta ce, "Da Anti zan shiga, Yaya." Bai yi musu ba. Ya raka su har bakin ƙofar kulob, ya zauna a kan dakali yana jira.

Kwamiti ya yi aikinsa yadda ya kamata. Ya saurari Auta, ya saurari Walƙiya, ya kira likita da sauran shaidu, ya ba kowa damar kare kansa. Bayan nan ne ya samu ɗan wasan da laifi, ya kore shi daga kulob, ya miƙa sauran maganar ga hukuma. Gaskiyar Auta ta fito ba tare da ihun kowa ba.

Sai dai hotunan gidan sun riga sun zagaya. Ana jifan ƙofa, ana tare ta a bakin layi da baƙar magana. Auta ta haɗa kayanta za ta koma wajen gwaggonsu a wani gari, ta nemi aiki a can. Ciyaman da kansa ya ɗauki akwatinta ya kai mota, idonsa ya yi ja.

"Ki yafe mini, Auta. Ki zauna, ni zan kwana a bakin ƙofa in ya kama."

"Na yafe maka tuntuni, Yaya. Kai ne uwa, kai ne uba, ban manta ba." Ta gyara mayafinta ta shiga mota. "Amma ba zan iya barci a gidan nan ba. Duk wanda ya buga ƙofa, sai in tuna wanda ya aiko su."

Mota ta tashi, ta bar shi tsaye a bakin titi.

Darasi: Shahara ba shaida ba ce, zargi ma ba hukunci ba ne. Idan ka ji an zargi wanda kake so, ko wanda ka tsana, kuma ba ka wurin, ka ce ba ka sani ba, ka bar masu bincike su saurari kowa. Wadda kake zagi a waya ba ka san fuskarta ba tana da gida da 'yan'uwa, kuma ba ka da tabbacin ba naka ba ne. Ku tura wa masoya ƙwallo da ke cikin wayarku, musamman masu saurin yanke hukunci kafin a buɗe baki.