Takwara a Tungar Bado

Ku gyara zama, ku kifa wayoyin nan naku a kan tabarma. Yau na zo muku da wadda ba za ku tashi daga nan ba sai kun sha musu.

A Tungar Bado, wani ƙauye da ke bakin tafkin da madatsar ruwa ta tara, an yi wata mata mai suna Marka. Allah ya ba ta 'yar fari, aka raɗa mata Sa'adatu. To kun dai san mutanenmu da kunyar ɗan fari. Tun ranar suna Marka ba ta taɓa buɗe baki ta faɗi sunan nan ba. In za ta kira yarinyar, sai ta ƙwanƙwasa bayan ƙwarya sau biyu, ta ja murya a hankali ta ce, "'Yar naaan." Shi ke nan kiran.

Yarinya ta kai shekara tara ba ta magana. Ba ta kallon mutum ido cikin ido, ba ta son a taɓa ta ba zato. In aka yi ƙara, ko da faɗuwar kwano ce, sai ta toshe kunnuwa ta yi ta jijjiga gaba da baya har abin ya lafa mata. Amma a kai ta inda ruwa yake, a ga ikon Allah. Takan zauna gaban randa tun hantsi tana kallon hasken da ke rawa a ciki, fuskarta a sake, leɓɓanta na motsi kamar mai hira da wani. Marka kan tsaya da muciya a hannu tana satar kallonta, tana tunanin ko wace ƙasa ce yarinyar ke gani a ƙasan randar nan. Tana son ta so mai ciwo, ga shi al'ada ta hana ta nunawa.

Mutanen gari suka ce iskokin ruwa ne. An yi turare, an sha rubutu. Daga baya wani likita a birni ya ce lalura ce da ake kira otizim, wasu su ce galahanga. Ba aljani ba ne, ba hauka ba ne, yadda take ji da gani ne ya sha bamban da namu.

Ana nan sai aka kira horo na mako biyu a babban gari, don a koya wa mutane haɗa hannu wajen kula da irin waɗannan yara. Aka ce kowane yaro a zo masa da mutum uku: na makaranta, na asibiti, na gida. Daga makaranta Malama Barira ta tafi. Daga asibitin ƙauye Sista Hansatu. Na gida kuwa Marka ya kamata, amma ina! Ta zauna gaban jama'a tana ba da labarin 'yar fari? Ga shi kuma ciki ya fara yi mata nauyi. Sai ta roƙi maƙwabciyarta Gwaggo Tabawa, 'yar Sarkawa masunta, wadda ta iya tuƙa kwalekwale kafin ta iya ɗaura zane, zana ɗaya ce ta raba gidajensu.

Abin da aka fi nanata musu a can shi ne, abin da ɗaya ta sani dole sauran su sani. Aka ba su littafi ɗaya da zai riƙa yawo tsakanin gida da makaranta da asibiti. Aka koya musu yin katunan hoto, yadda yarinya za ta ɗauki hoton abin da take so ta nuna, a gane ta. A shafin farko na littafin akwai wurin da aka ce a rubuta sunan da take amsawa. Malama Barira ta rubuta, "Sa'adatu, amma ba ta amsa suna." Tabawa ba ta iya karatu ba, ba kuma wanda ya karanta mata layin. Marka kuwa ko an karanta mata, sunkuyar da kai za ta yi.

Wata Laraba a ƙarshen damina, ana tsakiyar hutun tara a makaranta, aka nemi Sa'adatu aka rasa. Gari ya ɗauka. Wasu suka yi kasuwa, wasu tasha, wasu suna leƙa rijiyoyi. Malama Barira ita kaɗai ta koma aji, ta tsaya gaban allon da katunan ke rataye, ta bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Ga kofi, ga tuwo, ga gida, ga bayan gida. Ɗaya ne babu: hoton tafki da furen bado, wanda ita ta zana da hannunta bayan ta yi wata uku tana lura da tagar da yarinyar ke yawan tsayawa. Ashe Sa'adatu ba guduwa ta yi ba. Ta ɗauki katinta yadda aka koya mata, ta rasa wanda za ta nuna wa, ta tafi da abinta. Barira ta fito da gudu ba ko takalmi, tana cewa, "Tafki! Ku bar kasuwa, tana tafki!"

Da Marka ta iso bakin ruwa, tana dafe da ƙugu, ta hango 'yarta. Can tsakiyar tafki wani ƙaramin kwalekwale ne ke tafiya shi kaɗai, ba mai tuƙi. Yarinyar na zaune a ciki, furannin bado a cinyarta, hannunta ɗaya na jan ruwa. Rana ta zuba haske a kan tafkin har ba a rarrabe inda ruwa ya ƙare da inda sama ta fara. Balbelu na shawagi a kanta. Sai Marka ta ji kamar mafarki take yi, kamar yarinyar ta sami hanyar ƙasar nan ta cikin randa, ta kama hanya ba sallama. Amma ruwan yana jan kwalekwalen ne zuwa ƙofar madatsa, wadda aka buɗe saboda cikar damina, inda yake faɗawa ƙasa da rugugi.

Jama'a suka yi abin da jama'a ke yi. Kowa ya ware murya, "Sa'adatu! Sa'adatu!" Wani ya samo garwa yana duka. Samari suka ruga suna ƙoƙarin tayar da jirgin inji. A cikin hayaniyar nan Marka ta yar da kunyar shekara tara, ta buɗe baki ta kira sunan 'yarta da ƙarfinta duka, karo na farko a rayuwarta. Yarinyar ko waiwaye ba ta yi ba. Sai ma ta toshe kunnuwa ta fara jijjiga, kwalekwalen na tangaɗi da ita, yana ɗibar ruwa ta nan yana ɗiba ta can.

Nan Sista Hansatu ta faɗa ruwa har gwiwa da fararen kayanta, ta dafe hannun saurayin da ke jan igiyar inji. Ta juya ga Sarkin Ruwa ta ce, "Ranka ya daɗe, in injin nan ya tashi, kafin ya kai rabin hanya ta kife. Ihun nan ne ke kashe ta. Ka sa a yi shiru." Dattijon ya dube ta, mace tana ba shi umarni a kan ruwansa. Aka yi tsayuwar kallon kallo, ba ta sauke ido ba. Can ya ɗaga sanda. Mutum fiye da ɗari suka yi tsit, har ana jin kukan kwaɗi. Sannu a hankali jijjigar ta ragu, kwalekwalen ya daidaita.

Gwaggo Tabawa kuwa tuni ta ɗaure zane ta shiga nata kwalekwalen, tana tsoma filafili ba ko ƙara. Da ta matso, sai ta tarar yarinyar ta leƙa ta gefe, rabin jikinta a waje, tana miƙa hannu ga kumfar da ke walƙiya. Ko kaɗan aka taɓa jirgin, ta tafi. Tabawa ta ce a hankali, "Sa'adatu." Shiru. Ta sake. Shiru. Rugugin ƙofar madatsa na ƙara kusantowa. Sai ta tuna abin da take ji ta bayan zana kowace safiya shekara tara, har takan yi wa Marka tsiya a kansa. Ta ƙwanƙwasa jikin kwalekwale sau biyu, ta ja murya, "'Yar naaan."

Yarinyar ta janye hannunta. Ta koma ta zauna daidai, ta juyo, ta laluba cikin riga ta fito da jiƙaƙƙen kati mai hoton tafki, ta miƙa shi.

"Na gani," in ji Tabawa. "Kin zo, kin gani. Mu je gida."

Ta ɗaura igiya, ta juya, ta yi ta faɗa da ruwan nan har tafukan hannunta suka fashe, ta kawo ta gaci. Marka ta durƙusa cikin taɓo, ba ta rungume ta ba don ta san ba ta so, sai dai ta kama gefen rigarta ta yi ta kuka.

Washegari Marka ta sauka lafiya, aka sami mace. Mijinta Mati ya ce, "Sunan nan na bar miki. Ki yi wa ɗaya daga cikin matan nan uku takwara." Marka kuwa ta rantse wannan karon ba laƙabi ba ɓoye-ɓoye, da bakinta za ta riƙa kiran sunan safe da yamma, kowa ya ji.

To a nan aka sami matsala. 'Yan barka suka rabu. Wasu suka ce Barira, don da ba ta karanta abin da yarinya ta faɗa ba tare da baki ba, da har yanzu ana leƙa rijiyoyi. Aka ce musu ai daga hannunta yarinyar ta ɓace, ita ce kuma ta rubuta cewa ba ta amsa suna. Wasu suka ce Hansatu, don da injin ya tashi, da Tabawa gawa za ta je ɗaukowa. Aka ce ita me ta yi ban da hana mutane yin abu, ruwa ma iyakarsa gwiwarta? Wasu suka ce Tabawa, mai sayar da rai, mai kiran da aka amsa. Aka ce to shekara tara tana jin kiran nan, ta yi mako biyu ana faɗa mata abin da ɗaya ta sani sauran su sani, me ya hana ta faɗa a sa a littafi?

Su ukun kuwa da aka tambaye su, kowace ta nuna 'yar'uwarta.

Kwana shida Marka na kwance a ɗaki, jaririya a gefenta, babbar na zaune gaban randa. In ta lumshe ido sai ta ga ƙafafun Barira ba takalmi, ta ga farar rigar Hansatu cikin ruwa, ta ga hannuwan Tabawa na jini. Ta zaɓi wannan da safe, kafin azahar ta koma waccan. Gobe da hantsi liman zai sunkuyo ya tambayi suna, kuma suna ɗaya zai karɓa.

To jama'a, ga ku ga Marka. Barira, Hansatu, ko Tabawa, wace ce a cikinsu ta fi cancanta a yi wa takwara?