Madubin Maigari da Watan Azumi

An yi wani maigari mai suna Jatau, wanda surukinsa ya kawo masa tsarabar madubin hangen nesa. Ran ashirin da tara ga Sha'aban, tun rana ba ta faɗi ba, ya ɗauko shi zai hau tudu, don a ce garinsa ne ya fara ganin watan azumi. Yayarsa Tasalla, wadda ta goye shi, ta tare shi a zaure.

Ta ce, "Maigari, rawani bai hana ni ja maka kunne ba. Zauna ka ji labarin Nomau mai duban wata."

Ya zauna ba don ya so ba.

Ta ce, "Nomau ya shekara ashirin ba a riga shi ganin wata ba. Da idonsa ya fara rauni, sai ya samo irin wannan abin naka. Matarsa Dela ta ce, 'Malam, tsaya in ba ka labarin Bawale maɗinki. Yana cikin ɗinkin rigar wani ango aka kira azahar. Ya ajiye tabaransa mai kauri a kan rigar, a tsakar rana, ya tafi masallaci. Kafin ya dawo, gilashin ya tara hasken wuri guda, ya huda ƙirjin rigar. To, Malam, riga an yi mata faci. Wa ke facin ido?'

"Nomau ya ce, 'Ke da ba ki san inda wata yake tsayawa ba!' Ya hau tudu, ya ɗora madubin a ido yana laluben yamma, sai madubin ya faɗa kan rana. Ko zafi bai ji ba. Washegari ya dubi Dela, ya ga ɗankwali da kafaɗu, amma fuska babu, sai baƙin tabo. Har ya mutu, Alƙur'ani sai dai a karanta masa."

Jatau ya ce, "Haba Yaya, ai ranar yamma ba ta da ƙarfi."

"Haka shi ma Nomau ya ce."

"In mutanen ƙetaren rafi suka riga mu fa?"

"Su riga mu mana. Azumin da za su ɗauka, shi za mu ɗauka."

Jatau ya daɗe yana jujjuya madubin a hannu. Can ya miƙa mata.

"Riƙe, Yaya. Kada ki ba ni sai an kira magariba, ko da na roƙe ki."

Ta cusa shi ƙarƙashin mayafinta, ta ce, "Da ma ba zan ba ka ba."